Awo da Sa Ido Wajen Ceton Jirgin Ruwa: Misalin Ever Given

Idan babban jirgin ruwa ya kafe, abin da jama'a suka fi lura da shi shi ne jiragen da ke jansa. Amma kafin a soma ja, akwai aikin da ya wajaba a gabatar, wato awo da sa ido. Abin da ya auku a Mashigin Suwez na ƙasar Masar ya isa misali.

Ran 23 ga Maris, 2021, jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gitta a mashigin, ɗauke da kwantena fiye da 18,000. Goshinsa ya nutse a gaɓar gabas, bayansa ya tokari ta yamma, har jirage sama da 400 suka tsaya jira. Haɗarin kuwa shi ne, kai da gindi suna bisa ƙasa, tsakiya tana bisa ruwa. Da an finciko shi da ƙarfin tsiya, yana iya tsagewa, toshewar kwanaki ta zama ta watanni.

Saboda haka masu ceto, wato Hukumar Mashigin Suwez da kamfanin SMIT Salvage na Holan, sai da suka san abubuwa uku. Na farko, yanayin ƙasa. Ana auna zurfi da na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa, ta lissafa lokacin da amsa-kuwwarsa ke ɗauka kafin ta dawo. Da haka ake gane inda jirgi ya dafe, da yawan ƙasar da za a kwashe. A nan an yashe kimanin mita 30,000 na yashi da laka, bisa ma'aunin tsawo da faɗi da zurfi.

Na biyu, lafiyar jirgin kansa. Masu nutso kan duba jikinsa, injiniyoyi kuma su lissafa nauyin da ke kan kowane sashe. Duk ƙasar da aka kwashe, duk ruwan daidaita nauyi da aka zubar daga cikinsa, sai lissafin ya sake. Dalili ke nan da ya sa ba a yin awon sau ɗaya a huta.

Na uku, cikar teku. Ruwa ya fi cika lokacin da wata ya cika ko yake sabo, kuma ana iya sanin sa'ar tun da wuri. Wata ya cika ran 28 ga Maris. Kashegari jiragen ja fiye da 10 suka haɗa ƙarfi, jirgin ya taso, aka kai shi wani tafki da ke tsakiyar mashigin domin bincike.

A taƙaice, jiragen ja su ne suka yi ƙarfin, amma awo ne ya nuna wurin da za a yasa, da sa'ar da za a ja, da iyakar da jirgin zai iya jurewa.