Auren tilas a cikin labarai: daga Satou ta Oumarou Ganda zuwa gidan Gao na ƙasar Sin

Kowa a Yamai ya san cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, amma kaɗan ne cikin matasanmu suka kalli fim ɗin da ya ɗaga sunansa, wato Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka, idonsa ya faɗa kan Satou, yarinyar da aka riga aka yi wa Garba alkawarinta. Da dukiya ta yi magana, iyaye suka manta da alkawari. Garba ya bar gari da baƙin ciki, kishiya ta ƙulla makirci, daren biki ya ƙare da asarar rai.

Tun kafin Ganda, a 1934, John Tafida da Rupert East sun rubuta Jiki Magayi a Zariya. Can ma attajiri Malam Shehu ne ya raba Zainabu da Abubakar. Ɗan da aka haifa a auren, Kyauta, ya tashi ɓarawo har ya yi ajalin mahaifinsa.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou saro kaya za su yi mamaki idan muka ce Sinawa ma sun sha wannan kuka. Marubuci Ba Jin ya fitar da littafinsa Jia, ma'ana Gida, a 1933, kan zuri'ar Gao ta birnin Chengdu, inda maganar kaka ita ce doka. Babban jika, Juexin, yana son 'yar uwarsa Mei, amma mahaifinsa ya zaɓa masa wata ta hanyar ƙuri'a. Bai ce uffan ba, don shi ne babba, shi ne mai ɗaukar gida. Mei ta yi aure wani wuri, ta zama bazawara, ciwo ya kashe ta. Ita ma matar da aka ba shi, Ruijue, da haihuwarta ta zo daidai da rasuwar kaka, dangi suka ce jinin haihuwa zai cuci gawa, a fitar da ita bayan gari. Juexin ya sake yin biyayya. Can ta rasu, yana tsaye bakin ƙofa an hana shi shiga.

Wannan ne ya fi taɓa mu a littafin. Mun saba ɗora laifi kan tsoho mai kuɗi, alhali yaya mai kunya da ya ga ɓarna ya yi shiru, shi ma da hannunsa a ciki. Uwa da ta karɓi turamen atamfa kafin a tambayi yarinya, haka nan. Addini kuwa ya ce a nemi yardar budurwa.

Ƙasar Sin ta haramta auren tilas da dokar aure ta 1950. A Nijar, binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma Maraɗi na cikin jihohin da abin ya fi yawa.