Abubakar Imam da Littattafan Yara

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, amma Katsina ce ta rene shi, a nan ya yi Kwaleji, a nan kuma ya koyar a Makarantar Midil. A wancan zamani yaro yakan iya karatun boko, sa'an nan ya rasa abin da zai karanta da harshensa. Wannan rashi ne ya sa Rupert East ya shirya gasar 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja.

Cikin 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin 'yan makaranta. Masu suka sukan ce ai labaran aro ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Gaskiya ne, ya yi aro. Sai dai ya tuɓe musu tufafinsu, ya sa musu rawani, ya danƙa su a bakin aku, har yaron Mashi ko na Daura ya karanta bai ji baƙunta ba.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981.