BABUR NA KWALTA KO NA BURJI: WANNE YA DACE DA MUTUMIN KAFANCHAN?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa babur ya zama jakin wannan zamani a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Da shi ake zuwa gona da kasuwa da makaranta, da shi kuma ake kai maras lafiya asibiti cikin dare. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, kuɗin mai da na shi kansa babur ɗin suka yi tashin gwauron zabo. Saboda haka wanda ya tara kuɗin citta na shekara guda, ko ya ci bashi a kan albashinsa domin ya sayi babur, ba shi da damar sake saye idan zaɓinsa bai dace ba.

A wannan maƙala ina so in yi wa mai karatu bayani a kan wata tambaya da nake yawan ji a bakin masu niyyar saye a Kafanchan da kewaye, wato tsakanin babur da aka ƙera domin kwalta da wanda aka ƙera domin hanyar burji da daji, wanne ya kamata mutum ya ɗauka? Zan fara da asalin wannan rabuwa, sannan in kawo bambance-bambancen da ke tsakaninsu, daga ƙarshe in auna su da yanayin ƙasarmu.

Asalin Babur Mai Aiki Biyu

Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, tarihin irin wannan babur ya ratsa ta maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar. A ranar 26 ga Disamba, 1978, wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya buɗe gasar tseren motoci da babura daga birnin Faris zuwa Dakar ta ƙasar Sanigal. Masu tseren sun keta hamadar Sahara ta Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Yamai, suka isa Dakar a watan Janairun 1979. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a ɓangaren babura, a kan Yamaha XT500. Gasar ta bar Afirka, domin ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun daga 2020, amma ta bar wa duniya gado.

Gadon kuwa shi ne babur na doguwar tafiya wanda zai iya kwalta ya kuma iya daji. A 1980 kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S, inda harafin G ke wakiltar kalmar Jamusanci mai nufin ƙasar da ba hanya, S kuma ke wakiltar titi. A 1983 Yamaha ya fitar da wani ya raɗa masa suna Ténéré, wato sunan hamadar nan ta gabashin Agadas. Honda kuma ya biyo baya da Africa Twin a 1988.

Da tafiya ta yi tafiya, sai kamfanonin suka lura cewa mafi yawan masu sayen waɗannan babura a Turai ba sa sauka daga kwalta. Don haka suka fara ƙera samfuri ɗaya kashi biyu: inji ɗaya, amma ƙafafu daban. Misali, kamfanin Triumph na Ingila ya fito da Tiger 800 a ƙarshen 2010, ɗaya na titi, ɗaya kuma mai laƙabin XC na daji. Wannan dabara ce ta iso kasuwarmu a kan ƙananan babura, kamar yadda Bajaj na Indiya ke da Boxer 150 na yau da kullum da kuma mai harafin X, wanda aka ɗaga masa murfin tayar gaba aka kuma sa masa taya mai manyan haƙora.

Inda Suka Bambanta

Na farko shi ne girman wilin gaba. A manyan babura, na titi kan zo da wili mai inci 17 ko 19, na daji kuma mai inci 21. Dalili a nan a fili yake ga duk wanda ya taɓa tura baro da amalanke: babbar ƙafa ta fi sauƙin haye dutse ko rami, domin takan hau kansa a hankali, ƙarama kuwa karo take yi da shi. Sai dai a kan kwalta ƙaramin wili mai faɗin taya ya fi saurin juyawa a kwana, ya kuma fi riƙe ƙasa.

Na biyu shi ne irin wilin. Akwai mai wayoyi irin na keke, akwai kuma na zubi wanda aka yi da alminiyam. Mai wayoyi yana ɗan lanƙwasa idan ya daki dutse, kuma ko ya karkace bakanike zai iya ɗaure wayoyin ya miƙar da shi. Na zubi ba ya buƙatar wannan ɗawainiya, kuma yawanci yana ɗaukar taya maras tiyub, wadda ko ƙusa ta soke ta iska ba ta fita nan take. Amma idan ya sha mummunan duka tsagewa yake yi, daga nan sai sabo.

Na uku ita ce taya. Ta daji tana da manyan haƙora da tazara a tsakaninsu, domin su nutse cikin taɓo ko yashi su kama, sannan lakar ta zube yayin da tayar ke juyawa. Wannan fa'ida ita ce kuma illarta a kan kwalta, saboda robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Shi ya sa takan yi ƙugi, ta cinye da wuri, kuma birki ba ya kamawa sosai idan an yi ruwa. Ta titi kuwa da zarar ta shiga jar laka sai zanenta ya cike, ta koma sumul kamar sabulu.

Na huɗu shi ne shokazoba da tsayi. A Tiger 800 na farko da na ambata, shokazobar gaba ta na titi tana nutsewa santimita 18, ta XC kuma 22. Doguwar shokazoba tana shanye gargada, tana kuma ɗaga cikin injin daga ƙasa yadda ba zai daki dutse ba. Amma tana ɗaga sirdi ma, ta yadda gajeren mutum ba zai iya dire ƙafafunsa biyu ba idan ya tsaya. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga wanda ya ɗauko kaya ko fasinja a kan gangare.

Na biyar shi ne nauyi. Manyan baburan nan sun haura kilo 200, alhali Boxer bai kai kilo 130 ba. Idan babur ya faɗi a cikin taɓo kuma ba kowa a kusa, mai shi ne zai ɗaga abinsa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa ƙaramin babur ya fi babba amfani a hanyoyin ƙauyukanmu.

Yanayin Ƙasarmu

Kafanchan gari ne da hanya ta raya. Tun 1927 ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Haka nan hanyoyin mota suka fita daga garin ta kowace kusurwa: ta Zonkwa da Kachia zuwa Kaduna, ta Kagoro da Manchok zuwa Filato, ta Kwoi zuwa wajen Keffi da Abuja, da kuma ta Gidan Waya. Waɗannan manyan hanyoyi na kwalta ne, ko da yake kwaltarmu ba ta rasa ramuka.

To amma da zarar mutum ya saki babbar hanya ya nufi ƙauyukan da ake noman citta a ƙasar Jaba da Kachia da Jama'a, ko ya bi gindin duwatsun Kagoro, labari ya canza. Damina a nan takan kama daga Afrilu har Oktoba, ta fi ta Kano da Katsina tsawo da yawan ruwa. A watannin Agusta da Satumba jar ƙasa kan zama laka mai santsi, ruwa ya yanka kwazazzabai a tsakiyar hanya, ƙananan rafuffuka su cika. Da rani kuma hanyar ta bushe ta zama gargada da ƙura. Ke nan mutumin yankin nan yana bin hanya iri biyu, a yanayi iri biyu, da babur ɗaya.

Tambayoyin da Mai Saye Zai Yi wa Kansa

Shawarata ta farko ita ce, mutum ya ɗauki takarda ya rubuta tafiye-tafiyensa na mako guda, ya raba su gida biyu: nawa ne a kan kwalta, nawa ne a kan burji. Malamin da ke kwana a Kafanchan yana koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kusan duk tafiyarsa a kan kwalta take. Idan ya sayi mai manyan haƙora saboda ya burge shi, zai riƙa canza taya kafin lokaci, ya kuma rage wa kansa ƙarfin birki a ranar ruwa. Mai sayen citta da ke shiga ƙauyukan bayan Kwoi, ko ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi, shi ne ke buƙatar wili mai wayoyi da taya mai haƙora da inji mai nisa da ƙasa.

Ta biyu, kada a tsaya ga yawan kilomita kawai, a dubi mafi munin wurin da dole sai an bi. Wani kashi tara cikin goma na tafiyarsa kwalta ce, amma kilomita biyun ƙarshe zuwa gidansu laka ce ta wata uku. Irin wannan mutum taya mai matsakaitan haƙora ta fi dacewa da shi, wadda ba ta gaza sosai a kowane ɓangare.

Ta uku, a tambayi kayan gyara kafin a biya kuɗi. A zagaya wurin bakanikai da masu sayar da safaya a cikin gari a ji ko suna da taya da sarƙa da birkin wannan samfuri. Babban babur na Turai da ya shigo a matsayin na hannu yana da kyan gani, amma idan ƙaramin abu ya lalace sai an aika Legas ko ƙasar waje, kuma injinsa na buƙatar na'urar kwamfuta kafin a gane ciwonsa. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ta huɗu, a hau a gwada. Mai saye ya zauna a kan sirdi ya ga ko tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa, ya kuma tuna cewa wata rana da buhu zai hau, ko da mai ɗakinsa da goyo.

Gyaran da Ke Rage Tazara

Wanda ya riga ya mallaki babur na titi ba sai ya sayar ba. Canza taya zuwa mai haƙora kafin damina ta kankama shi ne gyara mafi arha kuma mafi tasiri. Haka kuma idan aka sa wa ƙafar baya faifan sarƙa mai haƙora da yawa, babur zai ƙara ƙarfin ja a kan tudu da kaya, sai dai gudunsa zai ragu, shan mansa a doguwar hanya kuma ya ɗan ƙaru. Rage iskar taya kaɗan na taimakawa a cikin yashi, amma idan aka rage da yawa wili zai tsinke tiyub a kan dutse, kuma dole a mayar da iskar idan an hau kwalta. Bugu da ƙari, mai bin burji ya riƙa wanke matatar iska da sarƙa a kai a kai, domin ƙura da laka su ne manyan abokan gabar inji.

Akwai kuma abin da ba ruwansa da irin babur, wato hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairu, 2009, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, amma har yanzu da yawanmu na ganin nauyi ce. Faɗuwa a laka ta fi yawa, ta kan kwalta kuma ta fi muni, kuma a duka biyun kai ne ba shi da safaya a kasuwa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, mai karatu zai fahimci cewa kowane ɗaya daga cikin baburan nan an ba shi wani abu ne an karɓe wani. Na daji ya sami juriya ya rasa natsuwa a kwalta, na titi ya sami sauƙin tuƙi da daɗewar taya ya rasa ƙarfin shiga laka. Ni dai ra'ayina, ga mafi yawan mutanen kudancin Kaduna waɗanda gona ko aiki ke kai su ƙauye, ƙaramin babur mai wili na wayoyi da taya mai matsakaitan haƙora, wanda kowane bakanike ya san cikinsa, shi ya fi dacewa. Wanda kuwa harkarsa ba ta wuce cikin gari da manyan hanyoyi, na titi ya ishe shi, ya adana ragowar kuɗinsa domin mai da sabis. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai za su isar da wannan bayani ga iyaye da yayye kafin kakar citta ta gaba, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.