Mai Sauya Riga a Cikin Jinin Saniya

Idan saniya ta fara ramewa alhali ga ciyawa, gashinta ya tashi, idonta na zubar da hawaye, makiyayi ya san abin da ya same ta: sammore. Kowa kuma ƙudan tsando yake ɗora wa laifi. Amma kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsando ɗan dako ne kawai. Mai aika-aikar wata 'yar halitta ce da masana ke kira tiripanosoma.

Jikinta kaf ƙwayar halitta ɗaya ce. Tana cikin rukunin da ake kira furotis, tare da amiba da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Su ba dabbobi ba ne, ba tsirrai ba ne, sun kuma bambanta da bakteriya domin suna da cibiya mai ajiye bayanan gado. Sai an jera tiripanosoma kamar 40 kafin su cika milimita ɗaya. In aka ɗiga jinin saniya mai ciwo a ƙarƙashin madubin likita, za ku gan ta siririya, tana murɗawa tana kutsawa tsakanin ƙwayoyin jini, wani zare da ya bi gefen jikinta yana kaɗawa yana jan ta gaba. Ba ta ƙwai. In ta ƙoshi sai ta tsage gida biyu ta tsawonta, ɗaya ta zama biyu. A 1895 wani masani mai suna David Bruce ya nuna a ƙasar Zulu cewa ita ke kashe shanu, tsando kuma ke yaɗa ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dabararta. Jini yana da dakarun da ke gane baƙo ta suturarsa. Da zarar sun haddace rigar da take sanye da ita sun far mata, sai wasu 'yan kaɗan su sauya wata, kamar ɓarawon da ya canza kaya a tsakiyar kasuwa. Nau'in da aka fi nazari yana da tsarin riguna fiye da 1,000 a ajiye. Shi ya sa zazzaɓin da take sawa ke sauka ya dawo, shi ya sa kuma har yau babu allurar rigakafinta.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan halitta ta daɗe tana tsara wa Fulani hanyar kiwo: damina na sauka su yi arewa don gudun tsando. Ta hana doki zama a kurmi. 'Yar'uwarta mai sa mutane ciwon barci ta sa aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau, aka gina garin Takalafiya. Ɓauna da mugun dawa kuwa suna yawo da ita ba ta kayar da su, haka ma muturu, gajerun shanun kudu, suna jurewa inda bunaji ke faɗuwa.

Yau ana yi wa shanu allurar magani, ana kuma kafa tarkon ƙyalle shuɗi da baƙi a bakin rafi, domin shuɗi na jan tsando.