Zanen Alƙaluma a Bilma: Wa Aka Ƙirga, Wa Aka Bari?

A watan Fabrairun 2016, hukumar kula da ƙaura ta duniya, wadda a Nijar aka fi sani da OIM, ta buɗe wuraren ƙirgar matafiya guda biyu a jihar Agadas: ɗaya a Arlit kan hanyar Aljeriya, ɗaya a Segedin cikin gundumar Bilma kan hanyar Libiya. Ma'aikatanta kan tsaya inda motoci ke yada zango, su cika fom: mota nawa ta wuce, mutum nawa a ciki, maza nawa mata nawa, daga ina zuwa ina. Ƙarshen wata sai amsoshin su fito cikin rahoto mai zane-zanen sanduna da layuka, wanda ake karantawa a Yamai da manyan biranen Turai. Mutanen da ba su taɓa taka yashin Tenere ba, ta wannan zane suke sanin Kawar, wato yankin Bilma, kuma a kansa suke yanke shawara.

Wannan aiki na mai da amsoshin fom su zama hoto ya bar hannun manyan hukumomi kaɗai. Yau ƙungiyar masu gishiri, ko ofishin magajin gari, ko gidan rediyon al'umma, duk wanda ke da shafin intanet zai iya yinsa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda ake haɗa zanen, da kuma inda yake yaudara.

Matakai uku ne. Na farko shi ne fom ɗin kansa, wato jerin tambayoyi da guraben amsa a fuskar waya ko kwamfuta. Na biyu shi ne ma'aji: kowace amsa da aka tura tana zama layi ɗaya a cikin jadawali, kowace tambaya kuma tana da nata gurbi. Na uku shi ne ƙaramar manhajar da ake ɗora wa shafin, wadda ke ƙirga abin da ke cikin jadawalin ta zana shi. Duk lokacin da sabuwar amsa ta shigo, sanda ta ƙara tsawo ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Masu shafukan WordPress, manhajar da ta fito a 2003, suna samun irin waɗannan 'yan ƙari da dama, kamar Formidable Forms. Google Forms ma da kansa yake zana taƙaitaccen sakamako.

A Kawar akwai matsalar da ta riga duk waɗannan, wato rezo. Tsakanin Agadas da Bilma tafiyar fiye da kilomita 500 ce cikin rairayi, kuma da zarar an bar gari waya ta yi shiru. Shi ya sa masu aikin fili suka fi riƙe ODK, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, da KoboToolbox. Da su ana cika fom ba tare da intanet ba, wayar ta adana amsoshin, sai an iso inda rezo yake ta tura su gaba ɗaya. A fannin lafiya kuma Nijar na amfani da DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita kuma ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita. Rahoton wata-wata na gidajen likita, daga rigakafi zuwa haihuwa da zazzaɓi, a cikinta ake zuba shi, a cikinta yake zama zane.

Zane-zanen da kansu tsofaffi ne. Wani ɗan Scotland, William Playfair, shi ya buga zanen layi da na sanduna a 1786, ya ƙara da na da'ira a 1801. Kowanne da aikinsa. Sanduna na kwatanta abubuwa ne, kamar yawan amsoshin da suka zo daga Bilma, Dirku, Fashi da Jado. Layi na nuna sauyi cikin lokaci, kamar farashin dabino daga kaka zuwa bazara. Da'ira na nuna yadda abu guda ya kasu, kuma ba ta da amfani idan yankan suka wuce huɗu ko biyar, domin ido ba ya iya auna su.

Sai dai akwai tarkuna. Na farko, zane ba ya sanin kowa sai wanda ya bi ta fom. Alƙaluman OIM sun nuna haka ƙarara. A 2016 an ƙirga fiye da mutum dubu 300 da suka fita ta Arlit da Segedin. A 2017 adadin ya faɗo zuwa kusan dubu 70. Wanda ya kalli layin zai ce tafiya ta kusa tsayawa. Abin da ya faru a ƙasa ya fi haka sarƙaƙiya. Dokar 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure ta fara aiki gadan-gadan a 2016, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Wasu matafiya sun haƙura, amma direbobi da yawa kauce wa garuruwa da rijiyoyin da jami'an tsaro ke tsare da su suka yi, suka riƙa ratse ta cikin sahara inda babu mai riƙe da fom. A farkon Yunin 2017 aka samu labarin mutum 44 da ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Layin da ya sauka gaskiya ya faɗa game da wuraren ƙirgar, amma bai faɗi komai ba game da hanyoyin da aka kewaye su. An soke dokar a Nuwamban 2023, kuma duk wanda ke kwatanta alƙaluman kafin nan da na bayan nan dole ya sa wannan a lissafi.

Tarko na biyu shi ne ƙarancin jama'a. Gundumar Bilma na da faɗin gaske, amma ƙidayar 2012 ba ta samu mutum dubu 20 a cikinta ba. A irin wannan wuri kaso cikin ɗari na iya yin ƙarya ba tare da ya karya lissafi ba. A ɗauka an tambayi masu haƙar gishiri a Kalala, kusa da Bilma, ko sun gamsu da farashin bana, mutum 8 suka amsa, 6 suka ce a'a. Manhaja za ta zana ƙatuwar da'ira ta rubuta kashi 75 cikin ɗari. Idan ba a rubuta «mutum 8» a ƙarƙashi ba, mai kallo zai ɗauka gari ne ya yi magana. Sannan su wa suka amsa? Fom da aka rubuta da Faransanci aka tura ta WhatsApp zai fi samun samari masu babbar waya. Dattijon da ke jin Barbarci ko Tubanci kawai, da matar da ke aikin garka, ba za su fito a zanen ba sai in an je an same su.

Na uku shi ne ma'auni. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce, wato sefa biyar. Idan fom ya ce a rubuta kuɗin kantun gishiri bai fayyace ba, wani zai sa 200 yana nufin dala, wani ya sa 1000 yana nufin sefa, alhali kuɗi ɗaya suke faɗi, jaka guda. Manhaja ba ta san haka ba. Haɗa su za ta yi ta raba biyu, ta fitar da 600, farashin da babu wanda ya taɓa saye ko sayarwa a kansa. Haka in an gwama babban kantu da ƙarami, ko gishirin dabbobi da beza na miya. Gyaran a wajen tsara tambaya yake: a ba da zaɓi maimakon gurbi buɗaɗɗe, a rubuta ma'aunin a fili, a gwada fom ɗin da mutum biyar kafin a sake shi.

Matsakaicin lissafi ma yana rufe ido. Ruwan da Bilma ke samu a shekara, in aka daidaita, bai kai milimita 20 ba. Amma a watan Agustan 2006 ruwa ya sauka da ƙarfi ya rusa gidaje masu yawa a garin, domin ginin ƙasa mai gishiri ba ya jure jiƙa. Sanda ɗaya ta matsakaici ba za ta nuna wannan shekara ba. Sai an ba kowace shekara tata sandar.

Akwai kuma batun sirri. A ƙauyen da kowa ya san kowa, zanen da ya ce mace ɗaya mai shekara sama da 60 tana ɗauke da wata cuta ya riga ya ambaci sunanta. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, akwai kuma hukumar HAPDP da ke sa ido a kai. Mai shafi ya tabbatar jimla kawai yake nunawa, ya haɗe rukunonin da mutanensu ba su da yawa, kada kuma ya bar jadawalin sunaye da lambobin waya a buɗe.

Duk da haka ribar abin tana da girma ga Kawar. Shekaru aru-aru ayarin Buzaye na kawo gero su koma da gishiri da dabino, kuma wanda ya san farashin kasuwannin kudu shi ke da rinjaye a ciniki. Ƙungiyar da za ta samu wakilai a Agadas, Tanut da Damagaram suna tura farashin kantu kowane mako ta fom guda, cikin shekara ɗaya za ta mallaki layin da zai nuna mata watan da ya dace ta sayar da wanda ya dace ta adana. Kuɗin kayan aikin kaɗan ne. Abin da ke da tsada shi ne naci da gaskiyar masu cikawa.

Saboda haka, duk zanen da aka nuna maka, a waya ko a taro, ka yi tambaya huɗu kafin ka yarda: mutum nawa suka amsa, su wane ne, a ina aka same su, kuma yaushe. Wanda ya wallafa zane bai rubuta waɗannan a ƙarƙashinsa ba, aikinsa bai kammala ba.