Akun da ke cizo yana fige gashinsa: a duba riƙon kafin a zargi tsuntsun

Idan aku ya ciji yaro har ya fitar da jini, hukunci ɗaya ake yanke masa a gida: mugu ne. Sai a lulluɓe kejinsa da tsohon bargo, a tura shi bayan ɗaki kusa da murhu, a riƙa jefa masa gyaɗa in an tuna. Kafin wata biyu ƙirjinsa ya koma kamar na kazar da aka fige, ihunsa ya ninka, duk hannun da ya matso sai ya kai masa sara. Masu gida su ce ai dama sun faɗa. Alhali cizon da ihun da figar gashin duk labari ne tsuntsun yake bayarwa game da yadda ake riƙonsa, kuma mafi yawansu suna gyaruwa idan riƙon ya canza.

Maganar ta taso a garuruwanmu na Jazira da Shuɗin Nilu saboda yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023. Mutanen Khartum sun kwararo Wad Madani, sannan a Disambar wannan shekarar Madanin ma ta faɗi, a tsakiyar 2024 faɗa ya kai Sinja. Wanda ya fita da goyo a baya da ƙunshi a ka ba ya waiwayar keji. Tsuntsun da ya rayu cikin waɗanda aka bari ya faɗa hannun maƙwabci, ko ɗan'uwa a ƙauye, ko ɗan kasuwa, bayan ya sha yunwa da ƙishirwa da ƙarar bindiga. Manyan dabbobi sun samu masu tsaya musu. A Nuwamba 2023 ƙungiyar Four Paws, ƙarƙashin likitan dabbobi Amir Khalil, ta kwashe dabbobi kusan 50, da zakuna 15 a ciki, daga cibiyar ceto ta Osman Salih da ke Al-Bagair zuwa gandun Um Barona a Wad Madani. Da faɗa ya biyo su can aka sake kwashe su, a Fabrairu 2024 zakuna 11 suka sauka a Afirka ta Kudu. Aku ba wanda zai turo masa jirgi. Gatansa shi ne mutanen gidan da ya tsinci kansa, ko a Maiwurno ne, ko a wani kambo a bakin gonar auduga.

Ka fara sanin wane tsuntsu ne a hannunka. Akwai tsirya, koriya mai dogon wutsiya, wadda namijinta yake fitar da zobe a wuya idan ya kai kamar shekara uku. 'Yar ƙasa ce, manoma sun san ta a gonar dawa. Akwai ƙaramin aku mai launin ƙasa da ɗigon rawaya a kafaɗa, da ake samu a dazukan kudancin Shuɗin Nilu da Kordofan. Sai babbansu, mai ruwan toka da jar wutsiya, aku mai bakin magana, wanda asalinsa dazukan Kwango da Kamaru ne da maƙwabtansu. Wannan na ƙarshe yana kai shekara 40 zuwa 60 idan ya samu kula, wato yana iya binne wanda ya saye shi. A daji cikin garke yake kwana, cikin garke yake tashi, yini guda yana yawon neman abinci yana kiran 'yan'uwansa. Kaifin ƙwaƙwalwarsa kuwa ba tatsuniya ba ce: wani aku mai suna Alex, da masaniya Irene Pepperberg ta yi aiki da shi a Amurka daga 1977 har ya mutu a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa da adadi. Halitta irin wannan ce ake kullewa ita kaɗai a kejin da ba za ta iya miƙe fiffike ba, sannan a yi mamaki don ta haukace.

Kafin a zo kan tarbiyya, lafiyar mutanen gida ce gaba. Aku da dangoginsa suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke fita a kashinsu da majinarsu, kuma tsuntsun da ya wahala ya fi zubar da ita. Idan kashin ya bushe ya zama ƙura, mai shara ya shaƙa, bayan kwana 5 zuwa 14 sai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da busasshen tari, wani lokaci ta sauka a huhu. A 1929 da 1930 wannan zazzaɓin aku ya bi cinikin tsuntsaye ya shiga Turai da Amurka, ya kashe mutum fiye da 100. Yau yana jin magani, amma a wurinmu haɗarin shi ne kowane zazzaɓi maleriya ake kiransa. Duk wanda ya kwanta bayan an kawo sabon tsuntsu gida, a gaya wa likita akwai aku a gidan. Kada a share ƙarƙashin keji a bushe: a yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci, a wanke hannu da sabulu. Mai ciki da tsoho da mai ciwon ƙirji su bar wannan aikin ga wani. Al'adar nan ta ba aku abinci daga baki zuwa baki a daina ta. Kuma sabon tsuntsu ya yi wata guda nesa da kaji da tattabarun gida.

Sai jikin tsuntsun kansa. Aku gwani ne wajen ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke ɗauka. Ka shafa ƙirjinsa a hankali cikin tawul: idan ƙashin tsakiya ya fito da kaifi, ya rame. Idan yana zaune a ƙasan keji gashi a kumbure, ido a lumshe da rana, wutsiya tana sama tana ƙasa da kowane numfashi, hanci ya toshe, ko kashinsa ya koma ruwa kore, wannan aikin likitan dabbobi ne. Kada a ɓare kafso na mutane a zuba masa a ruwa. Babban aku nauyinsa bai wuce giram 400 da 'yan kai ba, abin da ka ga ɗan kaɗan ne yana iya kashe shi.

Abinci shi ne inda aka fi cutar aku da kyakkyawar niyya. Gyaɗa da irin furen rana yana son su ƙwarai, suna da arha a ƙasar da ake nomansu, don haka su kaɗai ake ba shi shekara da shekaru. Mai ya yi musu yawa, ba su da sinadarin da ke kare hanci da maƙogwaro da fata, ba su da isasshen abin gina ƙashi. Sakamakon shi ne hanta mai kitse, gashi mara sheƙi, mura da ba ta ƙarewa, a wurin mai ruwan toka har da farfaɗiya ya faɗo daga kan sanda. Gyaɗar da ta kwana a damshi kuma tana yin funfuna mai dafi ga hanta, ƙurarta tana kama huhu. Maganin duk yana kasuwar Sinnar da lambunan bakin kogi: karas, kabewa, dankalin Hausa dafaffe, ganyen zogale, kuɓewa, mangwaro, gwaba, ayaba kaɗan, dawa da gero da aka jiƙa, wake da aka dafa sosai, ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Gyaɗa mai tsabta ta koma tukuici, ƙwaya biyu ko uku a yini. Amma kada a janye tsohon abincin rana ɗaya. Aku yana iya zama da yunwa gaban abin da bai sani ba har ya galabaita. A riƙa haɗawa, ana rage wancan ana ƙara wannan cikin makonni, kuma a ci a gabansa, don abin da ya ga ana ci shi yake yarda da shi. Abubuwan da ba za su taɓa bakinsa ba: shayi, jabana (gahawa), cakulan, fiya, albasa, da duk abin da gishiri ya yi wa yawa. Ruwa a canza safe da yamma.

Akwai wata cutarwa da ba a lura da ita, ita ce hayaƙi. Huhun tsuntsu ya fi na mutum saurin ɗaukar guba nesa ba kusa ba. Gidajenmu kuwa ba sa rabuwa da turaren wuta, ga garwashin gawayi, ga hayaƙin ɗalha da mata ke shiga, ga maganin sauro na kunnawa da na fesawa. Tukunyar zamani wadda abinci ba ya kamawa, idan aka bar ta a wuta ba komai har ta yi zafi sosai, tururinta yana kashe tsuntsu cikin mintoci. Wurin keji shi ne rakuba, inda iska ke wucewa kuma mutane ke zama, bayansa jingine da bango, tsayinsa daidai ƙirjin mutum, inda kyanwa ba za ta kai ba. Ya sha ranar safe, amma rabin kejin ya kasance a inuwa. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ba abin wasa ba ne. In ka ga ya buɗe baki yana haki, fiffike a sake, a fesa masa ruwa a kai shi wuri mai sanyi. In guguwar habub ta taso a shigar da shi ɗaki. Da dare yana bukatar awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru, kuma yawancin akun da ake cewa mafaɗaci ne barci bai ishe shi ba. Kejin ya zama mai faɗin da zai buɗe fiffike ya kaɗa. Waya mai tsatsa ko mai tsohon fenti guba ce, tunda aku ba abin da ba ya gwaguya. A sa masa rassan magarya ko gwaba masu kauri daban-daban, an cire ƙaya an wanke. Tumfafiya kada ta kusance shi.

Yanzu sai yarda, kuma nan ne haƙuri yake ƙarewa mutane. Tsuntsun da aka kama da tarko, aka yanke wa fiffike da almakashi, yara suka tsokane shi da kara, ya koyi cewa hannu abin tsoro ne, ya kuma koyi cewa cizo ne kaɗai ke korar hannu. Makon farko kada ka nemi komai a wurinsa. Ka zauna nesa kaɗan, gefenka gare shi, ban da zura masa ido, kana aikinka ko lazimi da murya ƙasa-ƙasa. Mutum ɗaya ya riƙa kawo abinci a lokaci ɗaya kullum. Duk wucewar da za ka yi ka jefa ƙwayar gyaɗa a kwanonsa ka wuce abinka. Ranar da ya ci kana zaune, an ci rabin tafiya. Daga nan ka miƙa ta tsakanin waya da dogon cokali, daga baya da yatsu. Idan ya saba, ka buɗe ƙofa a ɗaki rufaffe ka bar shi ya fito da kansa. Hawa hannu a fara da sanda: ka riƙe ta a gabansa, tukuicin a ɗaya gefen, ya taka ya samu. Minti biyar sau biyu a rana ya isa, kuma a tashi tun bai gaji ba.

Aku ba ya cizo sai ya yi gargaɗi, mu ne ba mu karantawa. Ƙwayar idonsa tana tsukewa tana buɗewa da sauri, gashin wuya ya tashi, wutsiya ta baje, ya ja baya ko ya yi gurnani. Ka ga haka, ka janye. Duk lokacin da ka girmama gargaɗin, ka rage masa dalilin cizo. In ya riga ya kama, kada ka yi ihu, kada ka yarfar da shi. Ka ajiye shi ka juya baya na ɗan lokaci. Duka da girgiza keji da watsa ruwa a fuska suna rushe aikin wata guda a minti ɗaya. Yara kuma a kafa musu doka, domin bakin babban aku yana fasa ƙwallon da haƙorin mutum ba ya fasawa.

Ihun safe da na magariba halitta ne, ba ya daina shi. Ihun yini guda kuwa mu muke koya masa: ya yi shiru ba wanda ya kula, ya tsala ihu kowa ya taso yana masa tsawa, shi kuma a wurinsa an amsa kira ke nan. A juya lissafin. In ya yi fito ko magana a amsa masa nan take, in ya yi ihu a yi kamar ba a ji ba. Kwanakin farko ihun zai ƙaru kafin ya ragu, kuma idan mutum ɗaya a gidan ya karya, an koma farko.

Figar gashi ta fi duka wuya. Idan kansa lafiya lau amma ƙirji da cinya a fige, shi yake yi da bakinsa. Idan har kan ya zube, baki yana lalacewa, ana zargin wata cutar gashi mai yaɗuwa, sai a ware shi a nemi likita. Mai figa da kansa yana bukatar wanka da feshin ruwa zalla, da aikin yi: kwali ya yaga, ɓawon kuka ya gwaguya, gyaɗa a ƙunshe cikin takarda ya sha wahala kafin ya samu. Kada a shafa masa mai ko man shafawa ko barkono. Sabon gashi yana ɗaukar watanni, inda saiwar ta mutu kuwa ba zai sake fitowa ba, kuma wasu ba sa daina figar gaba ɗaya.

Malamai sun halatta riƙon tsuntsu bisa hadisin ƙanen Anas ɗan Malik da yake da ɗan tsuntsunsa, da sharaɗin ci da sha da rashin azabtarwa. Hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu kuma yana cikin Buhari da Muslim. Wanda ya ga ba zai iya ba, kada ya buɗe keji ya ce ya 'yanta shi. Tsuntsun da ya shekara a kulle fiffikensa ba ƙarfi, bai san abincin daji ba, mai ruwan toka ma ba ƙasarsa ba ce. Kada kuma ya kai shi kasuwa. An fitar da irin wannan aku fiye da miliyan ɗaya daga dazukan Afirka tun daga 1975, a Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin 100 sun ɓace tun 1992, shi ya sa taron yarjejeniyar CITES na Johannesburg a 2016 ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Sudan tana cikin yarjejeniyar. A nemi mai asalin tsuntsun idan ana iya samunsa. In ba a same shi ba, a tuntuɓi 'yan sandan kare namun daji ko likitan dabbobi na yanki, ko a ba wani mai natsuwa da ya yarda zai riƙe shi shekaru. A haɗa shi da kejinsa da kwanonsa, a gaya wa sabon mai riƙon abin da yake ci, abin da yake tsoro, da cewa yana cizo.