Gidan da Randa Ta Yi Kaɗan

A unguwannin Kakuri da Makera, in aka ce wane na da ciwon suga, hoton da ke faɗo wa mutane na Alhaji mai tumbi ne. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa kuwa, waɗanda aka rufe masaƙar KTL a kan idonsu a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, da yawansu sun haura sittin, wuyan riga ya yi musu yawa, agogo na yawo a tsintsiyar hannu. Ka ce wa ɗayansu, "Baba, a je a gwada jini mana," sai ya yi dariya: "Ɗana, ina naman da suga zai kama?"

Ai rashin naman ne abin dubawa.

Duba yadda ake yi ranar da famfo ya kawo ruwa. Gida mai randuna da durom, nan da nan yara sun cika su, tsakar gida a bushe. Maƙwabcin da bokiti ɗaya ya rage masa, ruwan da ya zo musu iri ɗaya ne, amma nasa sai ya malale, ya jiƙa gindin katanga, yau da gobe har ta fara zaizayewa. Sugan da tuwo da koko ke sakewa cikin jini shi ne ruwan, tsoka ce randar. Ita ke kwashe mafi yawansa bayan an ci abinci, insulin kuma shi ne yaron da ke ɗiba yana zubawa. Tsoka tana fara raguwa tun mutum na ɗan shekara 30, bayan 60 abin ya ƙara gudu. Malmalar tuwon ba ta canja ba, wurin zubawa ne ya ƙanƙance, sai sugan ya tsaya a jini yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Wani gidan ma mai ɗibar ne ba ƙarfi. Wanda yunwa ta ci shi tun yarinta, gaɓar da ke samar da insulin ba ta ginu sosai ba. An fara bayyana irin wannan ciwon a Jamaika a 1955, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerinta a 1985, ta cire a 1999. Sai a Afrilun 2025, a Bankok, ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta amince da shi da sunan nau'i na 5.

Sau da yawa kuma ramar kanta aikin ciwon ce. Dattijo na ci amma yana zubewa, ga ƙishirwa, ga buta a hannu dare duk. Iyali su ce tsufa ne, wasu su ce sammu. Gwajin jini a Asibitin Gwamna Awan zai raba gardama: in da safe ne ba a ci komai ba, sugan ya kai 126, aka maimaita ya sake kaiwa, magana ta tabbata.

Abin da ya fi ba ni takaici sai bayan an gano. Kowa ya zama likita, a hana tsoho komai sai acca da tuwon alkama, a rage masa kwano, a ci gaba da ba shi ƙwaya. Wannan fasa sauran randar ne, kuma sugan na iya faɗuwa ya sume. Ramammen dattijo wake yake so, da ƙwai, kifi, gyaɗa, nono ba suga, da ɗan tattaki bayan la'asar. Adadin ƙwayar kuwa likita ne zai daidaita shi.